Motar Marigayi a Goshin Sa

Ɗan Gwaggo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana fita da kansa, Gwaggo kuma tana ta mita wai ka manta da ita. Ni na koma aiki a kantin magani. Da waya tana kamawa a jirgin ruwan nan naku da na kira ka na yi ihuna na huta, amma tunda sai takarda, ka karanta da haƙuri.

Ka tuna motar rimot ta marigayi mijina, jar nan mai hawan duwatsu, wadda kake yi masa dariya kana cewa ƙato da kayan wasa? Auta ya ɗauke ta. Ƙanensa nake nufi, mai yawo da gilashi a ka. Ana cikin zaman makoki ya shiga ɗakin aikin, ya fito da ita a hammata ya ce min, "Anti, bari in adana ta a wurina kada ta lalace." A lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani, sai na gyaɗa kai.

Makon jiya na je tsohon wurin fasa dutsen nan da suke haɗuwa da motocinsu a ƙarshen mako. Ɗan Gwaggo, ya yi mata baƙin fenti. Wannan ma da sauƙi. Ina tsaye a bayansa bai sani ba, na ji yana gaya wa wasu baƙi wai shi ya ƙera aksul ɗinta, wato ƙarafunan nan biyu da ke riƙe da tayoyin gaba da na baya. Shi! Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba. A gabana mijina ya narkar da tsofaffin fistin na injin mota a tsakar gida, ya zuba a yashi, ya yi ta goga da magagari har tafin hannunsa ya yi ruwa. Ni na riƙa cire masa ɓurɓushin ƙarfe daga yatsu.

Na ce ya ba ni abina. Ya juyo yana murmushi a gaban mutane ya ce, "Haba Anti, me za ki yi da ita? Ki ɗora ta kan talabijin?" Aka yi dariya. Har yau dariyar nan tana cikin kunnena.

Akwai wani dutse a wurin da suke kira Goshin Sa, wanda motar marigayi kaɗai ta taɓa hawa har samansa. A ƙarƙashin teburin marigayi kuma na sami tsohuwar motar da ya fara koyo da ita, ƙashi zalla, amma injinta yana tashi. Kai ne makanikin dangi. Ka gaya min abin da zan canza a giyoyinta har ta hau dutsen nan a kan idon Auta. Ba shawarar haƙuri nake nema ba, wannan na samu har ta yi min yawa.

'Yar Kawunka

*

'Yar Kawu,

Na amsa sallamarki, kuma na gode wa Allah da jin sauƙin Kawu. Bayan nawa yana nan, shi da ni mun saba. Ki ce wa tsohuwata takardarta tana cikin wannan ambulan, ta daina kai ƙarata gidan mutane. Allah ya jiƙan mijinki. Na yi masa dariya, amma shi kaɗai ne a dangi nake iya hirar ƙarfe da shi har shayi ya huce.

Wato ke ce yau za ki riƙe sifana? Ke da kika taɓa kiran maƙwabta don a canza miki ƙwan fitila? To, Allah ya nuna mana. Na san halinki tun muna yara, in na hana ki ma sai kin yi, gara ki yi daidai.

Hawan dutse ba gudu ba ne, rarrafe ne. Ƙaramar giyar da ke bakin inji ki cire ta, ki sa wadda na aiko miki a ƙulle cikin tsumma, haƙoranta ba su kai na waccan yawa ba. Motar za ta rage gudu amma ƙarfinta zai ƙaru. Bayan haka ki buɗe cikin aksul. Akwai 'yan ƙananan giyoyi a ciki da ke barin taya ɗaya ta juya ɗaya ta tsaya, wannan na kwalta ne. A kan dutse, tayar da ke iska ce za ta yi ta juyawa a banza. Ki cire su ki sa dunƙulen ƙarfen da na haɗo, duk tayoyin su riƙa tafiya tare. Giyar gaba da na aiko ta ɗan fi ta baya sauri, da gangan ne, don gaban ya riƙa jan motar sama. Ki sa giris kaɗan, ba miya kike yi ba.

Kada kuma motarsa ta tsorata ki. Na taɓa buɗe ta tare da marigayin. Babbar giyarta ta roba ce, in taya ta maƙale a rami aka ci gaba da ba ta wuta, ita ce ke fara cin haƙoranta. Auta kuwa na san yatsansa nauyi gare shi.

Za mu koma can tsakiyar ruwa haƙar yashi, wasiƙa sai ranar da kwalekwalen kayan abinci ya zo.

Ɗan Gwaggonki

*

Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai ni da faratana duk suka karye. Kayan sun iso, na gode, Allah ya bar zumunci.

Maganar ƙwan fitila ina ajiye da ita, za ka dawo ka same ni. Amma bari in ba ka abin dariya kyauta kafin wani ya ba ka. Na haɗa komai yadda ka ce, na ɗaure, na ajiye ta a tsakar ɗaki, na ja kunamar rimot, abin da ake ba ta wuta da shi. Tayoyin gaba suka nufi ƙofa, na baya suka nufi gado. Motar ta tsaya wuri ɗaya tana kuka tana yagar min leda. Ashe giyar cikin aksul na baya na juya ta bai-bai. Na zauna a ƙasa na yi dariya, daga nan dariyar ta koma kuka, don da yana nan da sai ya yi mako yana tsokanata. Na warware, na gyara. Yanzu tana hawa matakalar bene a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta ja da baya.

Kullum in na tashi daga kanti sai in wuce wurin dutsen kafin rana ta faɗi. Na kifar da ita ba adadi. Amma na gane abu guda: in ta fara santsi ba wuta ake ƙarawa ba, sassautawa ake yi a bar taya ta nemi wurin kamawa. Shekaranjiya na kai ta wuyan Goshin Sa.

Ga babban labarin. Na tare Auta a gaban Likita, likitan haƙorin nan da ke yi musu alƙalanci in suna gasa. Na ce mu hau Goshin Sa, ni da tawa shi da wadda ya ɗauka. In tawa ta riga kaiwa sama, ya dawo min da motar mijina, kuma ya faɗa da bakinsa a gaban kowa wanda ya ƙera ta. In ya ci, na bar masa ita har abada, in ƙara masa da akwatin kayan aikin marigayi. Ya ce, "Anti, kin tabbata? Kada a ce na cuci mai takaba." Na ce, "An riga an faɗa." Likita ya sa mana ƙarshen wata.

Da zan tafi na kasa riƙe bakina. Na ce masa, "Maƙerin aksul, ka san ma babbar giyar motar ta roba ce? Ka yi hankali kada ta zubar da haƙora a gaban jama'a." Ka ga fuskarsa kuwa? Bai sani ba! Bai taɓa buɗe cikinta ba. Ɗaya daga cikin masu motocin ya zo sayen magani ya ba ni labari, wai washegari Auta ya bazama neman giyar ƙarfe, ya sa an canza, har da kuloci, wato abin da ke zamewa in taya ta maƙale, ya sa an ɗaure tam don kada ƙarfi ya ɓace. Tsoro ya shige shi, kuma wallahi na ji daɗi har cikin raina.

'Yar Kawunka

*

Ɗan Gwaggo,

Lafiya dai? Shiru ya yi yawa. Gwaggo ta ce ko kifi ya haɗiye ka. Ni kuwa na fi zaton kana can kana jin kunya 'yar kawunka ta fi ka iya ɗaure noti.

Ranar tana matsowa. Na sa 'yan ƙarafuna masu nauyi a cikin tayoyin gaba don kada ta ɗaga kai ta kife, wannan dabarar tawa ce ba taka ba. Auta ya daina gaishe ni. Surukata ta aiko a ce min in ji tsoron Allah in bar yaro ya sarara, yaron da ke da furfura a gemu. Na ce a gaya mata ɗanta babba ma ɗanta ne.

In kana da sauran abin da za ka faɗa, ka faɗa yanzu.

'Yar Kawunka

*

'Yar Kawu,

Gaisuwa a gurguje, kwalekwalen yana jirana. Lafiyata ƙalau, iska ce ta hana shi zuwa, sai yau wasiƙunki biyu suka zo tare. Na karanta ta farko ina dariya, da na zo ƙarshenta dariyar ta tsaya.

Laifina ne, na gaya miki rabin magana. Giyar robar nan ba rowa ce ta sa mijinki ya bar ta ba, kuma ba rashin sani ba. Da gangan ya sa ta. In taya ta maƙale, ƙarfin inji dole ya fasa wani abu, sai ya zaɓi abin da zai fashe ya zama mai arha, wanda ake canzawa a tsaye. Kulocin ma don haka ya bar shi sako-sako. Na tambaye shi a lokacin, ya ce aksul ɗin nan narkakken alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma ba zai iya sake yin irinsa ba. Yanzu Auta ya sa ƙarfe ya ɗaure kuloci, kuma ya ƙara mata babban batir in na san shi. Babu sauran abin da zai kare aksul ɗin.

Ki je ki same shi, ko ki tura Likita. Ki ce ya mayar da giyar roba ya sassauta kuloci kafin ranar. Na san abin zai yi miki ɗaci, amma ki yi. Motar kike so ta dawo, ko ba haka ba? Shi ma ɗan'uwansa ya rasa, wataƙila bai san yadda zai riƙe abin ba ne.

Don Allah kada ki tsaya taurin kai a kan wannan.

Ɗan Gwaggonki

*

Ɗan Gwaggo,

Na ga saƙonka. Muna lafiya.

Ashe kai ma? "Shi ma ɗan'uwansa ya rasa." Haka kowa ke ce min, yanzu har da kai daga tsakiyar ruwa. Wanda ya rasa ɗan'uwa shi ke shafe fentinsa ya sa sunansa a kan guminsa? Maza dai ba ku ƙin juna.

In je gidansa in ce me? In koya masa yadda zai gyara motar da zai ci ni da ita? In na faɗa ma cewa zai yi tsoro nake ji, ina so in mayar da shi kan roba don ta watse masa. Zai kai maganar wurin dutse a sake yi min dariya. Shi ya ce shi ya ƙera aksul, to maƙeri ai ya san abin da ya ƙera. In ya iya tuƙi babu abin da zai same ta, mijina ya hau da ita sau nawa ko ƙwarzane babu. In kuwa bai iya ba, kowa ya gani.

Kuma ku makanikai haka kuke, komai sai kun ce zai fashe. In ma wani abu ya ɗan tsage, kana da injin walda a jirginku, me ka ajiye shi yake yi?

Ba zan je ba. Ka yi min addu'a in kana so, in ba ka so ka bari.

'Yar Kawunka

*

Ɗan Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Ban jira amsarka ba, don na san kana fushi.

Na ci.

Mutane sun taru fiye da yadda aka saba, har da waɗanda ba su san rimot daga tocila ba, labari ne ya kawo su. Likita ya ja layi a gindin dutse, ya ajiye motocin biyu gefe da gefe. Tawa ko murfin kirki babu, wani ya ce, "Anti, wannan daga bola kika tsinto ta?" Ban kula shi ba.

Da aka ce mu tafi, tasa ta yi tsalle ta bar ni. Ni na bi a hankali ta gefen hagu inda dutsen ke da kaushi. A wuyan dutsen akwai wata tsaga, mijina kullum kewaye ta yake yi. Auta ya shiga kai tsaye, tayar gaba ta dama ta faɗa ciki ta maƙale. Ya ba ta wuta, ta yi gurnani. Ya sake.

Ina tsaye kusa da shi, kafaɗarmu ta kusa haɗuwa. Kalma ɗaya ce, in ce masa, "Sassauta." Ta zo min har bakina, na rantse maka. Sai na tuna talabijin ɗin nan da dariyar nan, na haɗiye ta, na mayar da idona kan tawa. Ya ga tawa ta zo daidai da shi tana wucewa, sai ya matse kunamar har ƙarshe.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka kofin shayi. Tayar ta fita da rabin aksul, motar ta juya ta gangaro tana bugun dutse har ƙasa. Tawa ta kai sama ta tsaya. Mutum biyu ko uku suka fara tafi, da suka ga ba wanda ya taya su suka bari.

Auta ya ajiye rimot a ƙasa. Ya hau dutsen da hannu da gwiwa, da fararen kayansa, yana tsintar gutsattsarin yana sawa a aljihu. Ya daɗe a can yana laluben cikin tsagar da yatsa. Da ya sauko Likita bai ma tuna masa sharaɗin ba, shi da kansa ya ce, "Yayana ne ya ƙera ta. Ni ko riƙe masa ban yi ba, ya kira ni ranar na ce ina da wurin zuwa." Muryarsa ta karye. Ko a zaman makoki ban ga hawayensa ba, sai ranar. Ya zo ya ajiye min motar a gabana, ya juye aljihunsa a tafin hannuna, ya ce, "Anti, ban san za ta karye ba." Na ce, "Ni na sani." Ya dube ni, ya tafi.

Kada ka ɗauka na yafe masa. Ban yafe ba, kuma abin da na je nema na ji shi da kunnena a gaban kowa. Amma na dawo gida na shimfiɗa gutsattsarin a kan teburin marigayi, na yi ta jera su, ba su cika ba. A cikin babban ɓangaren akwai sawun magagarinsa, layi-layi, inda ba wanda zai gani sai an fasa.

Na haɗo maka da guntu ɗaya a cikin ambulan ɗin nan. Ka duba da kyau, kada ka yi sauri, kuma kada ka tausaya min. Zai ɗauki walda?

'Yar Kawunka

*

'Yar Kawu,

Na amsa gaisuwarki. Ba fushi nake yi ba.

Na duba guntun a cikin haske, na nuna wa mai waldarmu, wanda ya fi ni sanin alminiyam. Cikinsa duk ƙananan ramuka ne irin na narkin gida, kuma ya sha giris. Da wuta ta taɓa shi zai narke ya zube. Ba zai yi ba.

Zan iya yanka miki sabo a injinmu, ya fi wancan ƙarfi, motar ta sake hawa Goshin Sa. Amma hannuna zai zama, ba nasa ba. In kina so ki faɗa, in ba kya so ba zan sake tayar da maganar ba.

Guntun na mayar miki da shi, na naɗe a auduga. Ki buɗe ambulan ɗin a hankali.

Ɗan Gwaggonki